Hancin Roba

Shekara ashirin da biyu ina ɗaga kwantena
a tashar jiragen ruwan Valparaíso,
ni da ƙugiya da iska mai gishiri.
Ran wata Talata aka miƙo mini takarda,
layi huɗu, sa hannu ɗaya: Baldomero Urrutia.
Na ninke ta, na sa aljihu, na hau tudu zuwa gida.

Nélida ba ta yi kuka ba.
Ta sauke labulen ɗakinmu, mai ruwan ɗorawa,
ta ɗinka mini wando mai faɗin buhu biyu.
"Kiɗa ya sauya, Eleodoro," ta ce.
"Kai da ke sa 'yan dako dariya a banza,
je ka sayar da abin da kake kyautarwa."

Wata guda ina koyon murɗa balan-balan a kicin.
Na yi kare, ya fito kamar hanjin rago.
Na yi takobi, ya fashe mini a gemu, fau!
Kyanwarmu ta yi ƙaura gidan maƙwabta.
Yatsan da igiyar jirgi ta gutsure mini
shi ya fi ba ni wuya wajen ƙulli.

Aikin fari ya zo ta waya:
yarinya za ta cika shida, Asabar, ƙarfe huɗu, Cerro Alegre.
Na shafa farar hoda har kunne,
na ja jan baki daga kunci zuwa kunci,
na liƙa hancin roba.
A tsohon akwatin ƙarfen nan mai jan mutane kan tudu
wata tsohuwa ta matsa mini tana danne dariya,
takalmana sun cinye rabin wurin.

Na ƙwanƙwasa, aka buɗe.
Mai sa hannun ne da kansa,
da hular takarda mai tsini, da kek a hannun riga.
"Ka makara minti goma," ya ce. "Shigo, sun kusa cinye ni."

Cikina ya ɗuri ruwa.
Yara goma sha bakwai, ba mai ƙifta ido.
Na rusuna gaisuwa, hula ta faɗi, ban shirya haka ba.
Na duƙa in ɗauka, labulen Nélida ya ce ɓarrr ta baya.
Ɗaki ya kece da dariya,
wani yaro har madara ta fito masa ta hanci.
Nan na gane sana'ar:
abin da ya lalace shi ne jarina.

Mai bikin, Ximena, tana ƙarƙashin tebur,
ta rungume gwiwa, ba ruwanta da kowa.
Na rarrafa na same ta,
na cire hancin, na ajiye tsakaninmu.
"Ina sauran yatsanka?"
"Wani kifi ya ara, bai dawo da shi ba."
Ta yi shiru. "Wane irin kifi?"
Na murɗa mata shi da shuɗin balan-balan,
shi kaɗai ya fito daidai a duk yinin.

Rana ta faɗi, uban ya raka ni ƙofa
yana ƙirga feso a tafina.
Da ya zo kan yatsan nan sai lissafi ya ɓace masa.
Ya ɗago ya dubi hodar
kamar mai leƙen wani ta bayan taga.
"Eleodoro?"
Na matsa hancin, ya ce fiit.
Bai yi dariya ba. Ya ƙara takarda ɗaya a kan kuɗin.
Na zare ta, na soka masa a aljihun riga,
na ce ciniki ciniki ne.

Na sauko da ƙafa, matakala ɗari da 'yan kai.
Can ƙasa ƙugiyoyi na ta aiki ba ni,
fitilunsu na rawa bisa ruwa.
Gumi ya wanke rabin fuskata.
Waya ta yi ƙara a aljihun labule:
uwar yaron madarar nan ce,
wai ko ina da sarari Lahadi mai zuwa,
kuma wai don Allah
kar in bari a ɗinke wandon.